Zoben Inna a Cikin Dusa

Kwana uku da rasuwar Inna, yayyena maza suka kama talo-talonta biyu, mace da namiji, suka yanka wa 'yan ta'aziyya. Ba wanda ya tambaye ni. Ina ɗaki cikin mata muna karɓar gaisuwa na ji ƙanshi, da na leƙa madafa sai ga gashinsu a kwando. Tsuntsayen nan zuri'ar waɗanda Inna ta fara kiwo ne tun ina firamare a Yindiski, irin bai taɓa yankewa a gidanmu ba. Na buɗe baki zan zazzage musu, gwaggona ta danne mini hannu ta ce, "Ke, gidan makoki ne." Na haɗiye, amma wallahi ban yafe musu ba a ranar.

Washegari ina shara a bayan rumbu na tarar da ƙwai takwas masu ɗigo-ɗigo, inda macen take ɓoyewa. Su kaɗai suka rage daga kiwon Inna. Na naɗe su a gyale na hau napep zuwa gidana a Yerimaram, duk ramin da muka faɗa sai na yi wa direban masifa. Ina da kaza mai kwanci, na tura mata su. Bayan kwana ashirin da takwas shida suka ƙyanƙyashe, biyu suka yi bara-gurbi.

Ni malamar makaranta ce, kuma abin da ya cuce ni ke nan. Maimakon in bar wa kaza 'ya'yan da ta sha wahalar kwanci a kansu, sai na ɗauki waya. A wani bidiyo, wani mai farar riga ya yi bayani tiryan-tiryan cewa kada a haɗa talo-talo da kaji, kaji na ɗauke da cutar da ke kashe su. A ranar na kwashe su. Na samo kwalin firiji, na shimfiɗa ƙaiƙayin shinkafa, na rufe da raga, na rataya ƙwan lantarki don ɗumi, na ajiye shi a rumfar bayan gida. Damina ce, ƙasa a jiƙe, wuta kuwa sai ta ga dama, don haka na ƙara da tukunyar garwashi. Maigidana ya tsaya ya ƙare wa kwalin kallo ya ce, "Malama, wannan asibiti ne ko otal?" Na ce ya wuce ya ba ni wuri.

To, sai suka ƙi cin abinci.

Ban taɓa ganin halitta mai taurin kai da wauta a haɗe irin ɗan talo-talo ba. Na sayo abincin 'yan tsaki mai kyau na zuba a faranti, suka hau kai suka tsaya, suna kuka suna kallon sama. Abincin na ƙarƙashin ƙafarku, 'yan banza! Na dafa ƙwai na marmasa, na yanka ganyen albasa, ko kallo. Ɗaya ya faɗa ruwan da bai kai zurfin gaɓar yatsa ba ya mutu a ciki. Rana ta uku na sauke girman kai na mayar wa kaza da su, ta baza fuka-fukai ta kai wa na gaba sara a ka, shi ma bai kwana ba. Ta manta da su, kuma ban ga laifinta ba.

Na tafi shagon maganin dabbobi a kasuwa. Mai shagon ya miƙo mini garin bitamin ya ce, "Hajiya, ai su sai an koya musu ci." Na ce, "Da me zan koya musu, da allo da alli?" Ya yi dariya ya juya ga wani. Na dawo ina buɗe musu baki ɗaya-ɗaya ina ɗiga ruwan magani, su suna shure-shure, ni ina gumi, hayaƙin gawayi na cin idona. Shekara nawa ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, ga tsuntsu kamar lemun tsami ya gagare ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, Inna ba ta da kwali ba ta da waya, ko kaza ta watsar da 'ya'ya ita ke raya su, ni kuwa ban taɓa tsayawa na ga yadda take yi ba.

Ranar addu'ar arba'in ɗin Inna guda uku suka rage a kwalin, yunwa ta riga ta kashe wani. Na yi wanka na shirya zuwa Yindiski, na ciro zoben azurfar Inna wanda gwaggo ta ba ni bayan an yi wa Inna sutura. Ban taɓa sa shi ba sai ran nan. Na ga wata dauɗa ta daskare a cikin zanensa, na ce in na dawo zan goge shi da toka. Kafin in fita na leƙa kwalin, na tarar da ɗaya cikin ukun ya miƙe ƙafa. Na durƙusa na ɗauke shi, na dafa farantin da hannuna ina kuka ina zaginsu. Na ce to ku mutu mana, ku mutu in huta!

Sai na ji an ƙwanƙwasa mini yatsa. Ƙaramin cikinsu ne yake saran zoben. Na motsa hannu cikin abincin, zoben ya yi walƙiya, ya sake kai sara, ya kuskure ya cafko gari ya haɗiye. Na buga zoben a gefen farantin, ƙas ƙas ƙas, ɗayan ma ya taho yana tangaɗi.

Nan take Inna ta faɗo mini, tana zaune a kujera 'yar tsugunno da hantsi, hannunta a cikin tasa, tana ƙas ƙas ƙas. Sau nawa na wuce da jakata ina ce mata, "Haba Inna, kina lalata zoben azurfa a cikin dusa!" Ita kuma ta ce, "Ai ba don ke nake sa shi ba." Ni duk shekarun nan na ɗauka baƙar magana take faɗa mini.

Wayata ta yi ta ƙara a ɗaki, babban yayanmu ne yana neman jin inda na tsaya. Ban tashi ba. Na zauna dirshan da sabuwar atamfata a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ina buga faranti har maƙoƙonsu ya cika, sannan na tsoma zoben a ruwa suka bi shi suka sha. Ko da na isa Yindiski an shafa fatiha an watse. Yayan ya tare ni a zaure da faɗa, wai wace irin 'ya ce za ta makara a addu'ar uwarta. Na dube shi, shi da ya riƙe wuƙar ran nan, na wuce ciki.

Biyun sun rayu, kuma Allah ya sa mace da namiji ne. Huɗun da suka mutu kuwa har gobe ina jin haushin kaina a kansu, don amsar tana cikin akwatina a ƙulle, ni ina can ina latsa waya. Zoben yana hannuna yanzu. Dauɗar nan ta cikin zanensa dusar Inna ce, kuma ban goge ta ba.