Shafi Bakwai da Ba Su Buɗu Ba

A shekarar da ruwa ya cinye hanyar garin su budurwata, ni ina Haɗejiya ina buga takardu a wani shagon kwamfuta, ita kuma tana koyarwa a firamaren ƙauyensu, can cikin fadama ta wajen Miga. Kira ba ya shiga. Sai ta hau jingar da aka yi don tare ruwa, ta ɗaga waya sama, sannan imel ya shigo, shi ma rubutu zalla. Ta sha gaya mini duk abin da zan aiko in zuba shi a cikin saƙon, kada in maƙala fayil, domin wayarta ba ta iya sauke shi.

Na ji, amma ban ɗauka ba. Ni da littattafan soyayya na bakin kasuwa na tashi, inda wasiƙa take zuwa cikin ambulan mai ƙamshin turare. A ganina, zuba zancen zuciya a fili cikin imel daidai yake da miƙa wa mace tsaraba ba ƙunshi.

Da mahaifinta ya ce ta fito da wanda take so kafin Babbar Sallah, sai ta rubuto mini layi biyu, tana tambaya ko da gaske nake. Kwana uku na yi ina tsara amsa. Shafi bakwai, da furanni a gefe, da jan rubutu, da hoton faɗuwar rana a kan kogi. Maganar turo magabatana tana shafi na shida. Na maƙala fayil ɗin, a cikin saƙon kuwa na rubuta: “Buɗe ki gani.”

Sai shiru. Na ɗauka kunya ce, ai haka ’yan matan littafi suke yi. Har wani daɗi na riƙa ji. Ban sake rubutawa ba, ban hau kwalekwale na je ba, alhali masunta kullum suna kai da komo.

Bayan ruwa ya janye na gamu da ita a kasuwa, wajen masu busasshen kifi, hannunta da lallen amarci. Wani abokin aikinta ne ya aure ta, wanda ya taka da ƙafarsa ya je ya gaida mahaifinta. Ta ce sau huɗu tana hawa jinga, fayil ɗin yana ta juyawa bai buɗu ba har caji ya ƙare. Na ce ai duk amsar tana ciki.

“A ciki ina, Malam?” ta ce. “Kalma uku na gani. Su zan kai wa Baba?”

Har yau ina shagon. Duk wanda ya kawo takarda a aika masa, sai na kwafe ta na zuba a cikin saƙon, ko da zai yi ƙorafin ina ɓata masa lokaci. Fayil ɗin nan kuwa yana cikin kwamfutar. A wurina nan take yake buɗewa, furannin ko dusashewa ba su yi ba.