Ranar da Aka Ba Ni Biro In Cire wa Mutum Uba

Abubuwa da yawa sun same ni a Doha na manta da su, har da sunayen wasu da muka yi shekara muna kwana ɗaki ɗaya. Amma ko zan manta da komai, ba zan manta da Juma'ar da aka miƙo mini biro aka ce in rubuta cewa wani tsoho ba shi ne uban ɗansa ba.

Lokacin ina aikin goge-goge a filin jirgin sama na Hamad, na haura shekara arba'in da biyar, kuma ban daɗe da fara koyon karatu ba. Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatun digiri na biyu a nan shi ke zuwa masaukinmu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana koya mana baƙi da wasali. Mu shida muka fara, biyar suka gudu. Ba kai na fi su ba, zama na fi su. Cikin shekara guda na kai ga rubuta wasiƙa, sai dai kafin in gama layi uku shayina ya huce.

Gadon da ke saman nawa na wani abokina ne mutumin Gana, ɗan zangon Ashaiman, kusa da Tema. Fari ne, gashinsa a kwance, idanunsa ƙanana. A bayan idonsa ana ce masa Ɗan Koriya, domin kowa ya san jiragen kamun kifi na Koriyawa sun daɗe suna tsayawa a Tema. A gabansa kuwa ba mai faɗa. Wani direba ya taɓa gwadawa, sai da mutum uku suka ɓamɓare shi daga hannunsa. Kullum maganarsa ɗaya ce: ubansa tela ne a zango, farin kuma na kakarsa ce Bafulatana.

Ana nan sai kamfani ya sanar da shi ba za a sabunta kwantiraginsa ba, saura wata uku ya tattara. Yana da 'ya'ya huɗu a makaranta da gini da ya tsaya a taga. Ya daina waƙa a banɗaki, ya daina tsokanar kowa.

A makon nan ne wani ɗan Uzbekistan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya zo mana sallama da kwalin alewa. Ya ce Koriya zai tafi. Kakanninsa Koriyawa ne da aka kwashe zuwa Uzbekistan tun da daɗewa, kuma Koriya na da biza ta musamman ga jikokinta da ke riƙe da fasfon wasu ƙasashe. Ya ce in ban da gaisuwa bai iya komai a yarensu ba, amma takardun kakansa na hannunsa.

Washegari muna jiran bas, abokina ya matso kusa da ni.

"Yaya, dube ni da kyau. Me ka gani?"

Na tuna direba. Na ce, "Na ga Bafulatani."

"Bar wasa. Dubi idona."

"Idon Fulani ne sak."

"Wallahi Yaya kai munafuki ne! Shekara uku kuna ce mini Ɗan Koriya a bayana, kana tsammanin ban ji ba? Yau da nake so ku faɗa, ka ce Fulani?"

Kafin azahar labari ya zagaye masauki. Ban taɓa sanin muna da dangin Koriya da yawa haka ba. Akwai wani dattijo a ɗakinmu da muke kira Sharifi, wanda ke iya lissafo kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har Makka ba tare da ya ja numfashi ba. Shi ma ya tuna cewa kakarsa in ta yi dariya idonta rufewa yake yi.

Na ce, "Sharifi, jiya Makka, yau Koriya?"

Ya ce, "Ta wajen uba ne Makka. Ta wajen uwa ba a gama bincike ba."

Abokina ya je kasuwar Asian Town ya sayo tsinkayen nan biyu da Koriyawa ke cin abinci da su, da kwalbar kabejinsu mai tsami da yaji. Muka zuba ido yana yaƙi da teba da miyar kuɓewa, loma na sulɓewa tana komawa kwano. Da ya ɗanɗana kabejin hawaye suka zubo masa. Ya share, ya ce jini ne ya ji ƙamshin gida.

Daga nan aka zauna shawara. Mu dai hanya ɗaya muka sani ta tabbatar da asalin mutum: a tara dattawa su je su ba da shaida. Haka ake yi wajen neman aure, haka ake yi gaban mai unguwa. Sai muka nemi hutun rabin yini, mu biyar, muka goge manyan riguna, muka nufi ofishin jakadancin Koriya. Sharifi ya shirya jawabi tun a mota. Ni an tafi da ni ne saboda furfura da kuma iya sa hannu.

Wata ma'aikaciya a bayan gilashi ta saurare mu da ladabi. Sharifi ya fara da godiya ga Allah, ya gangaro kan zumunci, ya ce mu nan shaidu ne cewa tun da muka san bawan Allan nan ba mu taɓa ganin ya yi kama da kowa ba sai su. Wani cikinmu mai ɗan Turanci yana fassarawa yana rage tsawo. Abokina ya cire hula, ya kara fuskarsa da gilashi, ya juya dama, ya juya hagu. Ta yi murmushi ta ce ta gani, amma fuska ba ta cikin abubuwan da ake karɓa. Ta zuro mana takarda ɗaya ta ƙarƙashin gilashin. Sharifi ya tambaya ko akwai ta masu kaka. Ta ce ita ce dai.

Ranar Juma'a malaminmu ya zo, aka ajiye darasi aka ba shi takardar. Ya karanta yana fassarawa: fasfo, hoto, fom, takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi. Abokina na gyaɗa kai yana cewa akwai, akwai. Sai malam ya zo kan manyan biyun. Dole a kawo takardar da ke nuna uba ko kaka ya taɓa zama ɗan ƙasar Koriya, daga rajistar iyali ta can. Dole kuma a kawo takardar haihuwa da ta haɗa sunanka da nasa.

"Sunan wa ke takardar haihuwarka?"

"Sunan Baba."

"Tela?"

"Tela."

Malam ya ninke takardar. "To a idon takarda, kai da Sharifi Koriyancinku ɗaya."

Sharifi ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe layinmu ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya sosai, domin abokina ya sauko daga gado ya zauna a ƙasa, ya buɗe jakarsa ya ciro wani tsohon hoto. Wani mutum ne da takalmin roba har gwiwa, riƙe da ƙaton kifi. A ranar muka ji abin da bai taɓa faɗa ba. Mahaifiyarsa abinci take sayarwa a bakin tashar jiragen ruwa. Mutumin da ke hoton ɗan Koriya ne, shi ya yi cikinsa, amma jirginsa ya tashi kafin a haife shi, bai sake dawowa ba. Tela ya aure ta tana goye da shi, ya je ya yanko masa takardar haihuwa da sunansa, ya tsaya ƙofar masallacin zango ya ce wannan ɗansa ne, mai wata magana ya zo ya same shi a shago. Mahaifiyar ta rasu tuntuni. Abin da ya rage shi ne hoton, da sunan jirgi, da rabin sunan mutumin.

Malam ya ce hanya tana da tsawo kuma ba tabbas. Sai an nemi lauya, an nemo mutumin ko danginsa, sun yarda. Amma kafin duk wannan, sai an gyara takardar haihuwa, kuma ba za a gyara ba sai tela ya yi rantsuwa a rubuce cewa ba shi ya haife shi ba.

Abokina ya mayar da hoton cikin jaka. Sannan ya ce, "'Ya'yana huɗu ne, Malam. Yalla, maza a rubuta."

Malamai ba sa barin dama ta wuce su. Malam ya ce gara a fara rubutawa da Hausa don a karanta wa tsoho ya gane, daga baya shi zai mayar Turanci. Ya juyo gare ni ya miƙo biro. "Kawu, ga aikinka na yau."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Karo na farko ke nan da aka ba ni rubutun da ba na darasi ba. Na gyara zama, na ɗora littafi a gwiwa, malam na faɗa ina rubutawa. Abokina ya gaji da kallon hannuna yana rarrafe, ya ce bari ya kira Baba ya sanar da shi kafin in gama, in ma zan gama a bana.

Ya kira ta bidiyo. Wani jikan tsohon ya ɗauka ya kai masa. Muka ga dattijo ramamme zaune bayan keken ɗinki, tabaransa ɗaure da zare. Aka gaisa, aka tambayi jikoki, aka tambayi zafi. Sannan abokina ya fara bayani, yana zagaye-zagaye, ya shiga kwantiragi ya fita, ya shiga makarantar yara ya fita, har dai ya faɗa.

Tsohon bai katse shi ba. Da ya gama ya ce, "Shi ke nan? Na ɗauka wani abu ne ya same ka. In takardar za ta sa yara su ci abinci, a kawo in dangwala."

"Baba, a takarda ne kawai."

"Na sani. Can ɗin an ce akwai sanyi ko?"

"Akwai."

"To ka auna kafaɗarka ka turo mini. Na ga kamar ka rame, tsohon awon da ke hannuna ba zai yi ba. Ina da wani yadi mai kauri."

Sharifi ya tashi ya ce zai duba wankinsa a igiya. Bai yi wanki ranar ba.

Sai tsohon ya ce, "Wa ke rubutun? Ba shi ya karanta mini in ji abin da zan dangwala wa hannu."

Aka juyo da wayar gare ni. Na gaishe shi, ya ce, "Sannu malam mai biro. Bismilla."

Da malaminmu ne ya karanta, da numfashi ɗaya ya wuce wurin, a ce madalla a kashe waya. Amma ni ne. Ni kuwa a lokacin sai na ɗora yatsa a kan kowace kalma, in kama ta gaɓa-gaɓa, in maimaita don in tabbatar.

"Ni, tela a zan-gon A-shai-man, ina ran-tsu-wa da Allah cewa wan-nan ya-ro..."

Tsohon ya ce, "Uhm."

"...ba... ni... ba ni ne..." Na ga kamar na tsallake wani abu, na koma baya. "Wannan yaro, ba ni ne..."

"Uhm, ina ji."

"...ba ni ne u-ban... uban..."

Hannu ya sauko a kan littafin ya rufe layin. Na ɗaga kai. Abokina ne, fuskarsa jiƙe.

"Khalas, Yaya. Ya isa."

Na ce saura kalma biyu.

"Na ce ya isa!" Ya karɓi wayar. "Baba, bar yadin nan. Ka ɗinka mini mara nauyi, gida zan zo."

Tsohon ya ce, "Kai dai tun kana ƙarami ba ka da tsayayyar magana." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Malam ya karɓi littafin ya duba, ya ce rubutu ya yi kyau, kuskure biyu ne kawai. Ban taɓa samun yabon da bai yi mini daɗi ba sai ranar.

Bayan wata uku muka raka abokina filin jirgin da muka yi shekaru muna gogewa. Ba zan ce ya koma ya samu sauƙi ba. Ginin nan har yau bai kai rufi ba, babban ɗansa ma sai da ya yi shekara a gida kafin ya koma makaranta. Ya zauna shagon tsohon yana karɓar ɗinki yana sayar da yadi. Shekara biyu bayan haka tsohon ya rasu, abokina ne ya shiga kabari ya karɓe shi, kuma ba wanda ya tambaye shi takarda. Sharifi kuwa yana nan. Bincike ta wajen uwa ya kai shi Turkiyya, ya ce da alama a can za a tsaya.

Ban ga laifin Koriyawa ba, ƙasarsu ce, suna da ikon tambayar jikokinsu hujja. Ban kuma ga laifin abokina ba, mai 'ya'ya huɗu yana iya neman kowace ƙofa. Abin da na koya na kaina ne. Yanzu hannuna ya saki, mutane na kawo mini wasiƙa da saƙo in rubuta musu, wani na fushi da matarsa, wani zai yanke hulɗa da ƙaninsa. Ina rubutawa yadda suka faɗa. Amma kafin a aika, sai na zaunar da mai saƙon na karanta masa da ƙarfi, kalma-kalma, da irin jan ƙafar nan tawa ta da, ko da yanzu na iya sauri. Akwai maganar da mutum ke iya sa wa hannu, amma ba ya iya zama ya ji ta har ƙarshe. Irin wannan, gara a gane ta tun tana kan gwiwata.