Ranar da Bana Musonda Ta Ajiye Muciya

A layinmu na Chilenje, idan kana son sanin gidan da ake biki ko makoki, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka duba inda Bana Musonda ta nufa da muciyarta a kafaɗa, ka bi ta. Esnart iyayenta suka raɗa mata, amma tun da ta haifi Musonda aka koma kiranta Bana Musonda, wato uwar Musonda, sunan ya ɓata, har idan an kira shi a asibiti sai ta waiga ta ga wa ake nufi.

Gajera ce mai faɗin kafaɗa, damtsenta ya fi na wasu mazan layin nan, ba za a kama suna ba tunda ana gaisawa. Tumatur take sayarwa a bakin kasuwa, wato a ranakun da jama'a suka ƙyale ta. Ita dai ba a halicce ta da "a'a" a baki ba. Riƙe min yaro, to. Raka ni asibiti, to. Ara min sabon zaninki, to, har ta goge miki shi. An taɓa buga lambarta bisa kuskure ana neman mai gyaran famfo, ta ba mutumin haƙuri, sannan ta fita ta nemo masa.

Inda aka fi cin gumin ta kuwa shi ne chilanga mulilo, ranar da dangin amarya ke dafa duk abincin da suke ci a gidansu, a ɗora a kai, a kai wa ango da kiɗa don ya ga irin hannun da zai aura. Amarya za ta kama muciya, a yi guɗa, a ɗauki hoto, sai a ce ta je ta huta kada farcenta ya karye. Daga nan sai Bana Musonda. Ita ce tuwo, ita ce kaji, ita ce miyar ganye da gyaɗa, ita ce chikanda, wanda ake tuƙa garin gyaɗa da na saiwar daji har ya daskare a yanka shi da wuƙa. Rabin magidantan unguwar nan girkinta suka ɗanɗana suka ce sun yi dacen mata. Wasu har yau suna zaune suna jiran ranar da wannan hannun zai dawo.

Da mijinta ya rasu, ya bar mata wata tsohuwar a-kori-kura a tsakar gida, kaji suka mayar da ita ɗakin ƙwai. Kowa ya ce ta sayar. Ta ce to, amma ba ta sayar ba, kuma wannan ne karo na farko da "to" ɗinta ya yi ƙarya. Burinta ta riƙa tuƙa kanta zuwa gonakin Chongwe ta ɗauko tumatur daga hannun manoma, ta huta da dillalan kasuwar Soweto. Ta sa aka tayar da motar, ta shiga makarantar koyon tuƙi, ta sha wuyar jarrabawar alamomin hanya har ta haye. Saura gwaji a kan titi. An ba ta rana, ta tafi girkin makokin wani da ko sunansa ba ta sani ba. Aka sake ba ta, ta tafi girkin biki. Yanzu takardar koyonta ta kusa mutuwa, ranar Juma'a ce dama ta ƙarshe. Musonda kuma ya bugo daga Kitwe ya ce in ta sake faɗuwa a kan tukunyar wani, zai zo da mai saye ya ɗauke motar, ya gaji da sayen batir.

Ana cikin haka littafin ya shigo layi.

Towela mai shagon kitso ce ta kawo shi, littafin Turanci mai bango ruwan hoda da hoton takalmi mai tsini. Labarin wata Lusungu ne, ma'aikaciyar ofis, wadda maigidanta ke loda wa aiki, ƙawaye ke kwashe wa kaya, saurayi ke aike kamar 'yar aiki, tana murmushi. A ƙarshe, a shagalin zagayowar ranar haihuwarta, ta hau kan tebur ta wanke kowa tas, ta fice. Littafin ya zaga gida gida har bangonsa ya sha man kitso, kuma duk wadda ta gama sai ta dawo shago da bakinta.

"Ni a shafi na goma na so in shiga ciki in mare ta," in ji Towela, tana jan kan wata kamar da shi suka yi faɗa.

Misis Sakala, tsohuwar nas, ta ce, "Yarinya mai tarbiyya ce, marubuciyar ce ta lalata ta a ƙarshe. Hawa tebur! A kan abinci! Uwar wa ta haife ta?"

Wadda ake yi wa kitson ta ce, "Ni saurayin ne ya dame ni. Ko shi ne tsohon mijina aka canja masa suna?"

Aka kwashe da dariya. Daidai nan Bana Musonda ta shigo da goyon ɗan Towela da ta riƙe mata tun safe, ga kuma maganin Misis Sakala da ta biya ta karɓo. Ana ganinta dariyar ta dawo ninki biyu.

"Ga Lusungu da kanta! Sai dai babu takalmin."

"Wace ce Lusungu? Rasuwa aka yi?" Har ta fara gyara ɗaurin zani.

Towela ta cusa mata littafin a hannu. "Mama, karanta. Wallahi leƙen gidanki aka yi aka rubuta shi. Ki koyi cewa a'a, mutanen layin nan sun mayar da ke jaka."

Ta ce to.

Karatunta a hankali yake, da yatsa a kan layi, leɓe yana motsi. A bakin tiren tumatur ta yi shi, tana korar ƙuda da hannu ɗaya. Da farko haushi ta ji. Wannan yarinya da ke kuka don an sa ta ɗinka takardu a ofis mai sanyi, ta taɓa tuƙa tuwon mutum ɗari hayaƙi na cin idonta? Amma da ta kai inda Lusungu ta sayi kek na shagalinta da kanta, ta yanka wa kowa, ta waiga ba a rage mata ko ɓarɓashi ba, sai yatsan ya tsaya. Ta yi ƙoƙarin tuna bikin da ta taɓa cin abincinsa a zaune. Ta lalubo ta lalubo, ba ta samu ba, har nata. Hawan teburin ne kawai bai yi mata ba. Ta rufe littafin ta ce a ranta, ana iya ƙin abu ba tare da an taka abinci ba.

Ranar Laraba da hantsi Bana Mulenga ta iso, yayar marigayi mijinta, mulamu ɗinta kamar yadda dangin aure ke kiran juna a nan, mace mai murya kamar lasifikar coci. Ta zauna a kujera mai kyau ba tare da an nuna mata ba.

"Mulamu, kin san chilanga mulilo na Chileshe, 'yar ɗan'uwanmu, ranar Asabar ne. Juma'a da sassafe ki zo, kaji na jiranki, gyaɗa na jiranki. Dangin yaron nan 'yan Kasama ne, sun san chikanda, kada a ba mu kunya. Ki taho da manyan tukwanenki."

"To" ɗin ya taso tun daga ciki, ya hau maƙogwaro, ya iso bayan haƙora. Bana Musonda ta danne shi da harshe. Ta shiga ta kawo ruwa, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ake yi wa dangin miji, ta tafa hannu a hankali, ta miƙa kofi.

"Mulamu, ku gafarce ni. Juma'a ba zan zo ba."

Bana Mulenga ta sauke kofin daga baki. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Gwajin tuƙi gare ni."

"Tuƙi! Da furfurarki? Ki ce su ɗaga."

"Sun ɗaga har sun gaji. In na rasa wannan, motar ƙaninku ta tafi."

"To ta tafi mana! Ƙarfe ne. 'Yar ɗan'uwan mijinki za ki bari a yi wa dariya saboda ƙarfe? Da yana raye da kin isa?"

Wannan ta shige ta sosai, har idonta ya kawo ruwa. Amma ba ta tashi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta sake tafa hannu.

"Tukwane ga su nan, a aiko a ɗauka. Muciya ma ku tafi da ita. Chileshe na da gwaggwanni, kowace da hannu biyu. Asabar zan zo in yi rakiya. Juma'a dai tawa ce."

Bana Mulenga ta fita ba sallama. Labari ya riga ta isa bakin titi.

Da yamma shagon Towela ya cika kamar ana raba kyauta. Suna ganin Bana Musonda suka hau guɗa.

"Kin hau tebur?"

"A durƙushe na faɗa."

"A durƙushe! Kai, wannan ta fi ta littafin," in ji Towela, ta rungume ta. "Na ce muku littafin nan magani ne. Yauwa Mama, tunda Juma'ar ba ki da girki, in kin dawo ki ɗan riƙe min yaron nan, ina da kitson amare."

"A'a."

Towela ta yi dariya, tana jiran sauran maganar. Babu saura.

"Ni ma? Ni fa na ba ki littafin!"

"Na gode. Ga shi, na gama."

Misis Sakala ta gyara tabarau. "Kun gani ko? Na ce ƙarshen nan zai ɓata mutane. Yanzu wa zai karɓo min magani?"

Ranar Juma'a ta kashe wayarta ta jefa cikin kwandon tumatur, don ta san kanta: kira ɗaya da muryar kuka, an gama da ita. Ta ɗora matashi a kujerar motar makaranta don ta hango gaba. Jami'in gwajin dogo ne marar fara'a, da biro a bayan kunne. Ta yi ribas tsakanin gangunan da aka jera, gumi na bin bayanta, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta tashi a kan tudu motar ba ta koma baya ba. Ƙafar da ta saba tokare murhu ba ta tsoron kuloci.

A babban shataletale abin ya so ya lalace. Ta shiga, hanya tata ce, sai wani mai ƙaramar mota ya ɗago mata hannu. Ta taka birki ta ba shi. Na bayansa ya ga banza, ya bi. Mai keke ma ya bi, har da ɗaga mata hula. Motocin baya suka hau hon.

Jami'in ya zaro biron daga kunne. "Mama, gidan biki muka zo? Kowa sai kin zuba masa? Hanyarki ce. In kika sake tsayawa a inda bai kamata ba, mun gama."

Bai rufe baki ba sai ga bas ta 'yan haya ta kunno kai, kwandasta ya rataye a ƙofa yana washe baki. "Haba Mama, uwar kowa, taimaka mana mu wuce!"

Ƙafarta ta tafi birki da kanta, ta saba. Bana Musonda ta ja ta da ƙarfi ta ɗora a kan totur, ta danna hon da tafin hannu har jami'in ya zabura.

"Ban haife ka ba! Jira!"

Ta wuce ta gaban bas ɗin, ta zagaya, ta ba da sigina, ta fita ta hanyar da aka ce. Kwandastan ya bi ta da baki buɗe. Jami'in ya yi ta rubutu har suka koma fili. Can ya miƙa mata takarda.

"Kin ci. Amma hon ɗin nan ki rage, ba ganga ba ce."

Asabar ta yi wanka ta ɗaura zanin ankon biki, ta tafi hannu rabbana. Ta tarar da gwaggwannin Chileshe idanu jajur, ɗaya da ɗaurin tsumma a yatsa. Bana Mulenga ta kalle ta ta kau da kai. Aka ɗora kwanuka a kai, aka kama hanya da ganguna, ita kuwa tana tsakiya tana rawa, abin da ba ta taɓa samun yi ba, don kullum a bakin murhu ake barin ta da wanke-wanke.

A gidan ango aka shimfiɗa kwanuka ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan chikanda, mai gabatarwa ta sa wuƙa, abin ya bi wuƙar kamar kunu. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "A kawo cokali, ko kofi." Ɗakin ya ɗauki dariya. Ango ya lakata da yatsa, ya lasa, ya ce shi dai Chileshe ya zo aura, aka sake yin guɗa.

Bana Musonda ta ji "ku yi haƙuri" na hawowa, ta tura masa cinyar kaza ya koma. Bana Mulenga ta matso kusa da ita, ta yi magana ta gefen baki.

"Kin ji daɗi? To Litinin sai ki zo ki kwashe kujerun haya da motar taki."

Bana Musonda ta gama tauna, ta goge baki, ta ɗan rusuna.

"Mulamu, Litinin ina Chongwe."