Jar fitila a hanyar Paiko

Ana sallame sallar asuba muka bar Tudun Wada ta Minna, ni da Inna da ƙanwata, a tsohuwar motar da Baba ya bar mana. Wani ƙauye za mu, can bayan Paiko, wurin matar da ta shayar da ni. Lokacin da aka haife ni Inna ta kwanta ciwo, sai maƙwabciyarmu, wata 'yar Gbagyi mai goyo, ta haɗa ni da ɗanta a ƙirjinta. Ina ƙarami suka koma gida, ban sake ganinta ba. Ranar Laraba saƙo ya iso cewa jikinta ya yi tsanani, tana kiran sunana.

An kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Daga gadar Chanchaga tururi ke tashi daga kogi kamar an ɗora shi a murhu. Kunyoyin doya sun yi kore shar, duwatsu suna leƙowa daga cikin gajimare suna komawa. Mata na tafe a gefen titi da kaya a kafaɗa, yadda Gbagyi ke yi, kai ka ce ba sa taka ƙasa. Inna ta jingina da gilashi tana ba mu labarin mutanen da duk sun rasu.

A nan na ga wata jar fitila mai hoton batir tana ƙyaftawa a gabana. Na share ta, don batirin sabo ne. Yayyafi ya dawo, na kunna waifa da fitilu. Ba a jima ba waifa ta soma tafiyar hawainiya, hon ya koma kukan ɗan akuya. Muna shiga Paiko motar ta yi tari, ta mutu a gindin wani mangwaro.

Masu acaɓa suka taya mu turi zuwa rumfar wani riwaya, wato mai gyaran wutar mota, dattijo mutumin kudancin Kaduna. Na ce masa an cuce ni da jabun batir.

“Bari mu tambaye motan tukuna,” ya ce. “Mama, a zauna a benci, sannu da hanya.”

Ya duba kawunan batir, babu farin garin da ke hana wuta wucewa. Ya danna bel ɗin injin da yatsa, a ɗaure yake tam. Ya kawo nasa batirin ya tayar da injin, ya ɗora mita, ya ce in taka totur. Na taka har tantabaru suka watse, allura ko gezau.

“In inji yana aiki, dole alluran nan ya hau,” ya ce. “Batir naka lafiya, yunwa ne ya kashe shi. Altaneta ba ya ba shi abinci.”

Ya kwance altanetan ya buɗe, ya nuna mini wasu 'yan baƙaƙen abubuwa biyu masu kama da gawayi da suke kira burushi, sun cinye saura ƙiris. Ba shi da irinsu, sai ya hau babur ya tafi nema.

Wannan jiran ne ya fi komai nauyi. Ƙanwata ta sayo gasasshiyar doya da manja, ga araha ga gari, amma na ture tawa gefe. Waya ba sabis. Inna tana jan carbi. Na zauna ina kallon dutsen Paiko, ina ƙoƙarin tuno fuskar matar, babu abin da ya zo mini sai ƙamshin hayaƙi da wata waƙa da ban san ma'anarta ba. Na ce a raina, in muka tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida fa?

Sai bayan azahar ya dawo. Ya ɗaura, aka tayar, allura ta miƙe a hankali, jar fitila ta ɗauke.

Muka saki kwalta muka bi jar hanya tsakanin dawa da ta fi motar tsayi. Da la'asar muka isa. Babu tabarmi, babu taro. Wata 'yar tsohuwa ce zaune a bakin ɗaki, an lulluɓe ta da zane, ta rame har wuyanta ya zama sili. Inna ta durƙusa suka rungume juna. Sannan tsohuwar ta miƙo hannu ta shafa kaina.

“Wannan ne? Ina gashin?” ta ce. “Na ba ka nono mai kyau, ka je ka yi sanƙo.”

Kowa ya fashe da dariya, ni kaɗai nake hawaye. Ɗanta, ɗan'uwana na nono, ya ce rabonta da cin abin kirki tun farkon mako, amma a gabanmu ta sha kunu rabin ƙwarya. A can muka kwana. Da za mu tashi ta sa aka ɗauko wani tulu, na ƙarshe da ta gina kafin hannunta ya soma rawa.

Washegari da hantsi muka shigo Minna lafiya, tulun a cinyar ƙanwata. Tafiyar ta koya mini in tsaya tun gargaɗin farko, kuma in bincika kafin in ɗora wa wani laifi. Ta kuma nuna mini cewa shekara da shekaru ina da uwa a nan kusa, ban taɓa taka ƙofarta ba. Tulun yana tsakar gida yanzu. Ruwansa sanyi ƙarara, da ɗanɗanon ƙasar garinsu, kuma Inna ta hana kowa shan na firji.