Abin da Pati Ya Gani Bayan an Busa Usur

Duk wanda ya zauna kusa da Alapati, wanda muke kira Pati, a filin wasa sai ya ɗauka mutumin bai san abin da ya kawo shi ba. Ana tsakiyar gwabzawa, ƙarti suna karo da juna kamar raguna, jama'a na ta ihu, shi kuwa yana can yana ɓare gyaɗa. Sai alƙalin wasa ya busa usur, kowa ya juya neman abin sha, a nan ne Pati zai miƙe wuya ya zuba ido. Wa ya tashi da kansa, wa aka ɗaga? Wa ya miƙa wa abokin karawarsa hannu, wa ya tsallake shi ya wuce? Gudu da ƙarfi, in ji shi, kowa na iya aunawa. Shi abin da ya zo gani shi ne yadda yaro yake idan ya ɗauka ba a kallonsa.

Aikinsa ke nan shekara da shekaru. Wani kulob na manyan 'yan ƙwallon Amurka ne ya ɗauke shi, yana bin jami'o'i yana duba samari kafin zaɓen da ake yi kowace shekara, inda kulob-kulob ke raba 'yan wasan da suka gama karatu a tsakaninsu. Rabin shekara yana kan hanya, daga wannan masauki zuwa wancan, abincinsa na gidan mai, kujerar bayan motarsa cike da riguna marasa guga. Ya auna tafin hannun yaro, ya auna tsawon damtsensa, ya tsaya da agogo a ƙarshen layin gudu. Matarsa ta haƙura ta haƙura, daga baya ta gaji ta kama gabanta, kuma ko sau ɗaya ban ji ya zage ta ba.

Ɗan ƙauyenmu ne, nan gaɓar arewa ta tsibirin Tutuila, a tsakiyar teku. A zamaninsu filin wasa tsakuwar teku ce zalla, hular kwano ɗaya yara uku ke karɓa-karɓa da ita. Uwarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa Sinalei ce ta riƙe shi. Ta bar makaranta ta shiga kamfanin gwangwanin kifi a Pago Pago, har yau in ta wanke hannu da lemun tsami ƙarnin bai fita duka. A wurinmu kuwa ba sai 'yar'uwa ta yi maka wannan ba kafin ka bi maganarta. Ko ƙanwarka ce da ka goya, idan ta ce a'a an gama, kuma babu namijin da ke son ya kwana da fushin 'yar'uwarsa a kansa. To bare Sinalei.

Pati ma ya je jami'a ya buga ƙwallo a can babbar ƙasa, wato Amurka, shi ma an ce za a zaɓe shi. Gwiwarsa ta tsinke a shekararsa ta ƙarshe, ranar zaɓe wayarsa ba ta yi ƙara ba. Bai dawo gida yana kuka ba, ya nemi wannan aikin. Sinalei ce ta raɗa masa Mai-Awo. Duk Kirsimeti in ya sauka sai ta ce, "Ga Mai-Awo nan, ku ɓoye 'ya'yanku kada ya ɗora su a sikeli."

Sai ga shi sikelin ya zo kan ɗanta.

Kelemete autanta ne, kowa na ce masa Kele. Yaro kamar ƙofar coci, ga sanyin hali, in ya tokare a sahun gaba mutum biyu ba sa ture shi. Masu sharhi a talabijin suka fara cewa ba za a wuce zagaye na biyu na zaɓen ba a ɗauke shi ba. Kai, ƙauye ya ɗauka! Mata suka ɗinka riguna da lambarsa, fasto ya sa shi a addu'a har sai da muka haddace. Pati dai tun farko ya je ya gaya wa shugabansa, Mista Garland, cewa yaron ɗan yayarsa ne, don haka a ba wani ya duba shi. Aka ba wani, wanin ya kawo yabo shafi-shafi.

Amma kawu ai kawu ne. Wata Asabar Pati ya sayi tikiti kamar kowa, ya hau can sama cikin sanyi ya zauna da gyaɗarsa.

Faifan bidiyon da masu duba 'yan wasa ke kallo a ofis yankakke ne. Daga an busa usur sai ya tsallaka zuwa karo na gaba, don ba su da lokacin ɓatawa. Abin da ke tsakani ba ya ciki, kuma abin da ke tsakanin ne Pati ya gani. Kele ya ture mutuminsa, ya kayar da shi, aka busa. Sai ya tsaya cak yana waige-waige kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Wani abokin wasansa ya zo ya kama ɗamararsa ta baya, ya juya shi a hankali zuwa inda 'yan'uwansa suka taru. Pati ya ce a ransa ƙila gajiya ce. Aka sake, abokin ya sake kama ɗamarar. Kafin a tashi abin ya faru har ya daina ƙirgawa, kuma yadda abokin ke yi ba tare da ko kallo ba ya nuna ba yau aka fara ba. Gyaɗar ta fita ran Pati. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da gwiwarsa ta tsinke.

Washegari bayan coci ya ɗauki yaron suka je cin abinci. Kele ya shigo da baƙin tabarau, ya roƙi a ba su teburin da ke nesa da taga.

"Wannan tabarau fa? Ka zama tauraro tun ba a zaɓe ka ba?"

"Haba Kawu, yayi ne kawai."

"Cire in ga idon nan da ka gado wurin Yaya."

Ya cire, ya runtse ido, ya sunkuyar da kai. Aka kawo kaza da shinkafa. Ya tambayi kawun nasa yaushe ya shigo gari, Pati ya ce shekaranjiya. Suka taɓa hirar gida, wa ya yi aure, kwale-kwalen wa ya fashe. Can sai Kele ya ɗago da fara'arsa ya ce, "Af, Kawu, yaushe ka shigo gari?"

Pati ya ajiye cokali.

"Tun yaushe kanka ke ciwo?"

Kele ya ci gaba da juya shinkafarsa da cokali.

"Kelemete, da kai nake."

"Tun bara," in ji yaron, muryarsa can ƙasa. "Yana zuwa yana tafiya."

"Likitocin makaranta fa? Ba sa gwada ku?"

"Suna gwadawa. Amma ai ka san yadda ake yi, Kawu. Gwajin ƙwaƙwalwa na farkon shekara, wanda suke ajiyewa don kwatantawa, sai ka yi shi a sanyaye da gangan, kamar ba ka da kai sosai. In ka bugu daga baya aka sake gwada ka, sai a ga daidai yake da na farko."

Pati ya sani sarai, don a zamaninsu ma akwai irin wannan wayon banzan. Ya ce masa ya je da ƙafarsa ya gaya wa likita. Kele ya girgiza kai, hawaye na zuba kan shinkafa, ƙaton mutum kamar wannan.

"Saura kaɗan fa, Kawu. A zaɓe ni kawai, Mama ta bar kamfanin nan. In na yi shekara biyu sai in daina. Don Allah kada ka gaya wa kowa."

"Ban yi maka alkawari ba," in ji Pati.

Sinalei ya fara kira, don ita ce uwa. Ya zayyana mata komai, ɗamarar, tabarau, tambayar da aka yi sau biyu. Ta saurara har ya gama.

"Wane ɗan ƙwallo ne kansa ba ya ciwo? Kai naka bai yi ba? Ga ka nan garau."

"Yaya, wannan daban ne. In ya shiga cikin manya suka ci gaba da dukan kan nan..."

"Pati."

"Na'am, Yaya."

"Tun da na ɗauke ka a bayana, na taɓa roƙonka wani abu?"

"Ba ki taɓa ba."

"To yau na roƙa. Ban ce ka yabe shi ba, ban ce ka yi ƙarya ba. Ka kama bakinka kawai. Naka ya lalace a bakin ƙofa, kada ka lalata na ɗana."

Wannan ta ƙarshen ta soke shi ƙwarai, kuma ta san za ta soke shi. Ni dai ban ga laifinta ba. Mace ta yi shekara talatin tana tsaye kan kifi, an ce mata ga hutu nan ya iso, sai ƙaninta ya bugo waya daga wata duniya ya ce ya ga wani abu daga saman benci.

Ana saura 'yan makonni zaɓe, kulob ya tara masu dubawa a babban ɗaki, sunayen samari jere a bango. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan Kele. Wanda ya duba shi ya yi ta zuba yabo. Mista Garland ya juyo yana murmushi.

"Pati, jininka ne, ba za mu ce ka ba shi maki ba. Amma akwai abin da ya kamata mu sani?"

Tambayar ladabi ce kawai. Da ya ce babu, da an wuce, ba mai sake waiwayarsa. Ya ce ya ji muryar yayarsa a kunnensa kamar tana tsaye a bayansa. Sannan ya tuna yaron tsaye a tsakiyar fili bai san ina zai nufa ba.

"Yaron kirki ne, ban taɓa ganin mai ƙoƙarinsa ba," in ji Pati. "Ku sa likitoci su sake duba kansa. Kada su kwatanta da gwajin makaranta."

Murmushin Mista Garland ya ɗauke. Aka kira Kele aka duba shi da kyau, likitocin suka ce masa in yana son ya san sunan 'ya'yansa nan gaba, ya ajiye hular kwano. Irin wannan labari kuwa ba ya zama a ɗaki ɗaya. Kafin mako ya zagayo kowane kulob ya ji.

Kele bai iya gaya wa ƙauye ba, Sinalei kuma ta ƙi yarda. Ranar zaɓe aka kafa rumfa a gaban gidanta, aka gasa alade da gwaza a ramin duwatsu, aka jawo talabijin waje da doguwar waya. Da rana tsaka ake farawa a wurinmu. Muka zauna cikin rigunan lamba muna jin sunayen 'ya'yan wasu, zagaye bayan zagaye, kwana uku a jere, har aka kai na bakwai aka rufe. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, kowa da ƙunshin abincinsa, ba mai iya kallon fuskarta. Zuwa lokacin kowa ya san bakin wa ya jawo. Wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce zaman babbar ƙasa ya cinye masa tarbiyya. Ta daina ɗaga wayarsa.

Da Kele ya dawo gida, Pati ya ba su wata guda, sannan ya hau jirgi. Bai sauka gidan kowa ba. Da sassafe muka fito muka tarar da mutum zaune a kan tsakuwa a ƙofar gidan Sinalei, ya lulluɓe kansa da lallausar tabarmar gado, irin wadda ake rufa da ita in an zo neman gafarar babban laifi. Abin da dangi guda ke yi wa wani dangi ne, da manyansu a gaba, in an zubar da jini. Ba mu taɓa ganin mutum ɗaya ya yi wa yayarsa ba. Wanda ya rufa kuwa ba ya tashi, ba ya magana, sai wanda aka yi wa laifi ya zo ya yaye da hannunsa.

Rana ta fito, ta yi zafi, tsakuwa ta ɗau wuta. Ƙauye ya yi tsit, ko yara ba su fito wasa ba. Fasto ya zo ya tsaya daga nesa ya koma. Sai da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa sannan Sinalei ta fito, ta tsaya a kansa, ta daɗe. Ta sa hannu ta yaye tabarmar. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, idonsa a ƙasa.

"Da za a mayar da kai ɗakin nan, za ka sake faɗa?"

"Zan sake, Yaya."

"To gafarar me ka zo nema?"

"Kin roƙe ni, na ƙi."

Ta naɗe tabarmar a hankali ta rungume ta a ƙirji.

"Jiya na aike shi kanti ya sayo mini sukari," ta ce. "Kantin da ya taso yana zuwa tun yana tsirara. Sai maƙwabta ne suka rako mini shi, sun same shi tsaye a bakin hanya bai san gida ba."

Pati ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Gaskiyarka ce," in ji Sinalei. "Na gani da idona. Amma ban yafe maka ba tukuna, Pati, kuma kada ka tambaye ni yaushe."

"To, Yaya."

Ta juya ta nufi ƙofa, sannan ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Shigo ka sha ruwa. Ka taka a hankali, sai yanzu ya samu barci."