Ranar da Na Fasa Daɓen Ɗakina

A Tambuwal anka haife ni, aure ya kai ni Kebbe, a shekarun da ake rufe ƙofar gari tun kafin magariba saboda mahayan Kabawa. Karatuna bai wuce abin salla ba, sai ɗan rubutun nan da nake ja da ƙyar. Gidanmu ba maroƙa ba ne, ba mu da ubangidan da muke yi wa kirari. Amma tun ina yarinya, in na durƙusa bisa dutsen niƙa, magana takan zo mini a jere kamar an kira ta. Abin da nake so shi ne in ji waƙar da ni na haɗa tana fitowa daga bakin wasu mata. Dutse ba ya amshi, ɗiyar da ke bayana kuwa barcinta take yi.

A Kebbe, inda mace za ta ɗaga murya ba a ce ta yi rashin kunya ba, wurin daɓe ne. In an gina sabon ɗaki sai mai shi ta kira gayya. A zuba marmara, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mata su jeru a duƙe kowace da madaɓinta, guda ta ba da waƙa saura su amsa. Mai ba da waƙa a unguwarmu wata tsohuwa ce da duk muke kira Goggo. Waƙoƙinta na gado ne, ko a barci anka tashe mu muna iya amsa su.

Ran nan, a daɓen matar maƙeri, mura ta dishe muryar Goggo. Aiki ya yi sanyi. Na miƙe tsaye na jefa tawa. Sunka yi kasaƙe har na kawo amshi: "Wanda bai sha zafin rana ba, kada ya raina inuwar ɗorawa." Mata biyu sunka gwada, numfashi ya yanke musu a tsakiya. Madaɓai sunka rikice, wannan na tashi wancan na sauka, har matar maƙeri ta sami ɗan yatsan ƙanwar mijinta.

"Wayyo ni!" in ji mai yatsa. "Ke 'yar Tambuwal, wagga waƙa ta ko wa'azi?"

"Ku bar ta," in ji wata, "can garinsu sai da alwala aka yin daɓe."

Anka kwashe da dariya. Goggo ta yi tari, ta karɓi waƙa da muryarta haka nan a dishe, aiki ya koma daidai.

Washegari ina niƙa na gane abin da ya faru. Niƙa turi ne mai tsawo, ka tura ka jawo, numfashi na da wurin zuwa. Duk waƙoƙina bisa wanga turi na auna su. Mai daɓe kuwa kanta na ƙasa, cikinta a matse, abin da take da shi tsakanin ɗaga hannu da saukewa ne kawai. Sai na riƙa zagayawa bayan rumbu da madaɓi, ina duka ƙasa ina rage magana. In na ji haki ya kama ni, in ƙara yankewa. Har amshi ya koma kalma biyu: "Kwanta, ƙasa!"

To amma wa zai sake ba ni waƙa? Goggo ta warke. In na shiga gayya sai a riƙa tambayata ko na zo da alwala.

Sai dai in gayyar tawa ce. Na zauna ina duban daɓen ɗakina. Dangin uwata ne sunka zo tun daga Tambuwal sunka yi shi da za a kawo ni, ja wur, sumul, ko tsaga babu. Ɗiyata ta fara rarrafe a kansa, kuma kome ta samu sai baki. Ni ce wadda in ta yi atishawa nake taɓa goshinta har ta yi kuka. Na san in na fasa shi, bisa tsakuwa za ta yi rarrafe. Duk da haka na goya ta, na ɗauko dagin da maigida ke haƙa rami da shi.

Ya dawo daga kasuwa ya tsaya bakin ƙofa.

"Gara ta?"

"A'a, maigida."

"Ɓera?"

"Ni ta. Gayya nika son kira."

Ya daɗe yana duban ɓaraguzan. "To, Allah shi ba ki masu amshi, don ni dai ban iya daɓe ba."

Uwarsa ba ta yi wasa ba. "Ba ni jikata kafin ta cinye ɗakin," in ji ta. "In matan ga sunka watse maki, haka za ki zauna har damina, kin ji ko?"

"Na ji, Inna."

Na sussuka geron gayaunata, 'yar gonata ta kaina, na yi fura, na jiƙa makuba. Gidan Goggo na fara zuwa, na durƙusa na ajiye goro.

"Goggo, ɗakina na. Ki ba ni waƙa guda."

"Guda," in ji ta. "In sunka yi shiru, in karɓe abata."

Sun zo, har da waɗanda ban kira ba. Na san wasu fura ta kawo su, wasu dariya. Goggo ta buɗe da tata, hannuwa sunka ɗumama, sannan ta nuna ni da haɓa. Wannan karo ban miƙe ba. Na duƙa cikin sahu da madaɓina, na faɗi amshi bisa duka har kunne ya kama, sannan na sako:

Ya tai kasuwa sayen gishiri,
Kwanta, ƙasa!
Ya komo da goro cikin kumatu,
Kwanta, ƙasa!
Miya ba gishiri, shina ta faɗa,
Kwanta, ƙasa!

A baiti na biyu ɗaki ya ɗauka. Ƙanwar maƙeri, mai yatsa, ita ta fi kowa murya.

"Sake wanga!" in ji ta. "Wallahi mijina na, har kumatun!"

Can cikin aiki na jiyo ɗiyata ta yi tari a waje. Kaina ya tashi, baiti ya ɓace mini sarai. Na leƙa, na ga ruwa ne ta sha ya sarƙe ta, Inna na bubbuga mata baya. Kafin in juyo, ashe madaɓai ba su tsaya ba. Matar maƙeri ta cike gurbin da nata baitin, a kan mijin da ke ƙera wa kowa wuƙa gidansa babu, mata na ta zuba mata "Kwanta, ƙasa!" Na jira ta kai aya, na karɓa.

Goggo ba ta nemi abarta ba har anka kira azahar. Tana shan fura ta dube ni ta gefen ludayi.

"Baitin ga na tsakiya ya yi tsawo, rage shi. Kuma kada gobe in ji kin fasa na surukarki."

Ana watsewa matar marini ta tsaya tana gyara zane. Ta ce ƙanwarta da ke aure Dogon Daji ta yi sabon ɗaki, za su tafi da ayarin ranar kasuwa, ko maigida zai bar ni. Na ce zan tambaye shi, kuma da ɗiyata zan tafi, ba na barin ta.

"Ki zo da waccan ta goro," in ji ta.

Na ce da ita zan zo, da wata sabuwa da ba ta ji ba tukuna.