Rab Nawaz Ya Je Multan da Guduma

Rab Nawaz yana da shekara hamsin da takwas, kuma shi kaɗai ne mai injin niƙa a ƙauyensu da ke gefen Layyah. Mahaifinsa da man dizal ya yi niƙa. Shi kuwa da mai ya gagara, sai ya jera farantan sola a rufin shagon, rana ta ci gaba da juya masa dutse.

Ana tsaka da girbin alkamar bana aka yi ɓarnar. Dutse ya cije da tsakar rana, ya kai hannu ya ja bireka, abin da ke katse wuta tsakanin farantai da inji. Wutar ta ƙi yankewa. Roba ta narke, tartsatsi ya haura katanga ya faɗa kan ƙaiƙayin da maƙwabciyarsa, tsohuwa Masi Zohran, ta tara wa ɓaunarta, wadda take kiwo don madara.

Dattawan gari suka yanke cewa ya mayar mata da ƙaiƙayi, kuma kada ya sake kunna inji sai da yardarta. Ƙaiƙayi dai ya mayar. Yardar ce ta gagara.

"Kai da ranar taka ku koma bayan gari," in ji ta. "Ubanka ya kurmantar da mu da ƙara, amma ko tsinke bai taɓa ƙona min ba."

Mai gyaran da ya kira ya fasa ƙonanniyar birekar, ya yi masa bayani. Wutar gida tana kai da komo, tartsatsinta kan mutu da kansa. Ta sola kuwa hanya ɗaya ta miƙe, in ta yi ƙarfi sai bireka mai maganaɗisu a ciki ke iya fizge tartsatsin ta kashe shi. Tasa ta gida ce aka manna mata takardar sola.

Rab Nawaz ya saka guduma a jaka, ya leƙa ta katanga.

"Masi, gobe za ni Multan. Tare za mu."

"Ni? In bar ɓaunata in je kallon roba?"

"Ba kin daɗe kina son ziyarar hubbaren waliyyai ba?"

Ta yi tsaki, amma da safe ta riga shi isa tasha.

A kasuwar kayan wuta sharaɗinsa ɗaya ne: zai sayi bireka biyu iri ɗaya, ya fasa guda a gaban mai shago. Mai shagon farko ya kira shi Lala, wato yaya, ya ce, "Nan shago ne, ba maƙera ba." Wani ya yarda, yana rantsuwa da 'ya'yansa. Da guduma ta sauka, sai ga guntun ƙarfe an cusa a ciki don nauyi. Masi Zohran ta zare allura daga mayafinta ta ɗora a kai don ta ga ko maganaɗisu ne, allurar ta zame ta faɗi.

"Allah ya raya 'ya'yan naka," ta ce masa, "tunda rantsuwarka ba za ta raya su ba."

Sai bayan la'asar suka dace, a wani lungu, wajen wani dattijo da bai rantse da kowa ba. Ya ajiye bireka biyu masu ɗaukar wuta mai ƙarfin bolt dubu. Rab Nawaz ya juya baya.

"Masi, ke za ki zaɓi wadda za ta mutu."

Ta sassauya musu wuri, ta nuna ɗaya. Ya fasa. Ta kai allura, tun allurar ba ta ƙarasa ba, ta kuɓuce daga yatsunta ta manne.

"Wannan a shago ne," ta ce. "Sai na gani a katangata."

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce mai gyara ya ɗaura birekar da ta rage. Rab Nawaz ya jira rana ta take, ya cika inji da alkama har yana nishi. Masi Zohran ta tsaya a bakin ƙofa, ta riga ta ja ɓaunarta can nesa. Rab Nawaz ya yi bisimilla ya ja bireka. Ƙas! Gudun dutse ya yi ta raguwa har ya tsaya. Babu hayaƙi, babu wari.

"Sake," ta ce.

Ya sake. Ta matso ta shinshina akwatin birekar, ta dafa shi da bayan hannu.

"Gobe zan aiko da tawa alkamar. In ka niƙa min tsaki-tsaki irin na bara, dattawa za su sake zama."

Rab Nawaz ya ɗaga birekar, ya jawo buhu na gaba ya kwance bakinsa.